Kafson Ciwon Haƙori Ya Kusa Tafiya da Idanuna

Assalamu alaikum. Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Har wasu sun ce aure na yi na ɓoye muku. To ba ɗakin amarya na shiga ba, gadon asibiti na hau.

Ciwon haƙori ne fa mafarin komai. Ina koyarwa a wata makaranta a Dutse, ɗaki ɗaya nake haya, ni kaɗai. Da dasashina ya kumbura sai na leƙa kemis ɗin bakin layinmu, aka ba ni kafson amoksisilin. Haƙori ya lafa, har ina yabon maganin.

Kafin in shanye shi sai ga zazzaɓi, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya, idanu jawur. Daga nan ƙuraje suka feso mini a ƙirji da baya.

Na kira yayata Hadiza da ke aure a Jahun. Ta ce, "Kai dai ka gode wa Allah, zafi ne yake fita. Ai gara ya fito da ya zauna a ciki. Kar ka kuskura ka bar maganin nan."

Da wannan maganar aka raine mu duka a gidanmu. Na ci gaba da sha, ƙurajen suna ƙaruwa ina cewa magani yana aiki.

Maƙwabcina Malam Sale ne ya lura an kwana biyu bai gan ni a masallaci ba. Ya same ni leɓe ya farfashe, fata tana saluɓewa kamar an watsa mini tafasasshen ruwa, kwantsa ta liƙe idanuna. Ya saka ni a adaidaita sahu sai asibiti.

Likitar ba ta tambayi komai ba sai, "Me yake sha?" Malam Sale ya koma ya ɗauko ragowar kafson. Ta ce, "Wannan kafson dangin penisilin ne, jikinsa ne ya ƙi shi. Magani ne mai kyau, yana ceton mutane kullum, amma shi daga yau ya yi sallama da shi da duk danginsa."

Da ƙyar na haɗa kalma biyu: "Idon fa?"

Ta ce, "Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Malam. Amma ba zan yi maka alƙawari ba."

Wallahi ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron makanta ba. Malamin da ba ya ganin allo, ina zai nufa?

An ware ni a ɗaki ni kaɗai don kada ƙwayar cuta ta shiga inda fata ta tashi. Don a kare ni aka yi, amma a gari sai labari ya koma wai cuta ce mai yaɗuwa. Mu da aka sani da cika ɗakin majinyaci har a rasa wurin tsayuwa, ni sai dai nas ta ce, "An kawo maka kunu, an ajiye wajen maigadi."

Ƙarin ruwa, gwajin jini, wankin fata da sai na ciji bargo, ɗigon ido ba hutu. Albashi ya ƙare, babur ɗina ya bi shi. Waya tana ruri ba na ganin mai kira, daga baya ma ta daina. Takun mutane kawai nake saurare, in ji ya doso ƙofata, in ji ya wuce. Na ji kaɗaici sosai, na kuma ji haushi.

Inna, mahaifiyata, ta zo daga Taura duk da ciwon ƙafarta. Ta wanke hannu, aka saka mata takunkumi, ta zauna kusa da kaina. Likita ta tambaye ta ko wani magani ya taɓa yi mini illa.

Ta ce, "Yana goye an taɓa yi masa allura, ya kumbura kamar tulu. Aka ce kar a sake ba shi irinta. Ai mun zaci ya girme abin."

 

Idon dama ne ya fara buɗewa, na ga gefen mayafinta dishi-dishi. Na hagu har yau da hazo, kuma ba ya kawo hawaye sai na ɗiga masa magani. Amma na koma aji, ina ganin allo. Alhamdulillahi.

Ina godiya ga likitata da nas-nas, da Malam Sale, da Inna. Yaya Hadiza, ki daina kuka, abin da aka gaya mana kika gaya mini.

Ku tambayi iyayenku mata ko wani magani ya taɓa ƙin ku, tun suna nan. In kuna shan magani kuka ga ƙuraje, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ku dakata, ku ɗauki kwalinsa ku tafi asibiti. Ba zafi ne yake fita ba.

In kuma an ce kada a shiga wajen majinyaci, ku tsaya ta taga ku yi masa sallama. Ko idonsa a rufe yake, kunnensa yana bakin ƙofa yana jiran ku.