Baba Sale da garin da bai taɓa tambaya ba

Shekara shida ke nan da muka sallaci Baba Sale a Harami. Da na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai kamar yadda na saba, amma abin da ya faru a gidansa bara ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Na san shi ne tun zuwana Makka karatu. Yana da ɗan shago a unguwar Mansur inda yake gyaran keken ɗinki. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, Hausarsa kuwa rabi Larabci ce. Ranar da muka fara haɗuwa, ko gaisuwa ba mu gama ba ya tambaye ni garinmu. Da na ce Zariya, sai ya tambaya ko ina karanta ajami. Daga baya na gane duk baƙon da ya taka shagon sai ya sha tambayar garinsu.

Kakansa Idrisu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noma, ya iso Makka, ya yi aure, bai koma ba. Abin da ya bari na gida takarda ɗaya ce ta ajami, wasiƙar da ya rubuta bai aika ba. Ni na karanta wa Baba Sale ita. Gaisuwa ce ga wata Mariya da kuma yayansa Ɗanladi, da alkawarin zai dawo bayan aikin hajji mai zuwa. Babu sunan gari. Mai rubuta wa 'yan gidansu ai ba ya gaya musu inda suke.

Sai muka koma kan daftarin muɗawwif, wato mai masaukin alhazai na wancan zamani. Jikan wanda ya sauki Idrisu yana zaune a unguwar Rusaifa, ya bar mu muka yi Juma'a uku muna buɗe tsofaffin littattafan kakansa, takarda na karyewa a hannu. A na uku muka ga layin: Idrisu ɗan Mamman, Bakano. Baba Sale ya ɗora yatsa a kan kalmar ya daɗe bai ɗaga ba.

Daga nan Kano ta zama alƙiblar nemansa. Kowace shekara yakan karɓi aikin rabon abinci a Arfa don kawai ya shiga tantunan Kanawa yana tambaya. Sau ɗaya ya je Kanon da kansa, ya yi mako biyu. Wani gida a cikin birni suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ce lallai nasu ne, su ma suna da kakan da ya tafi gabas bai dawo ba. Ya tambaye su sunan matar da ya bari, suka faɗi wani suna daban. Ya ci abincinsu, ya yi godiya, ya dawo. Na ce masa da ya haƙura da su, mutanen kirki ne. Ya ce, "Malam, ba masu sona nake nema ba. Nawa nake nema, ko da ba za su so ni ba."

An ce mai nema yana tare da samu, amma shi har ya koma ga Allah bai samu ba.

'Yarsa Hafsa ce ta ci gaba, ta hanyar da shi bai sani ba. Tana karatu a Turai ta yi gwajin DNA, irin wanda ake tofa yawu a kwalba a aika, su gaya maka waɗanda jininku ya haɗu cikin waɗanda suka yi gwajin. Wata takwas babu komai. Sai ga sunan wani Musbahu, ɗalibi ɗan Nijar, daga Tasawa. Hafsa ta gaji halin ubanta: ba ta gaya masa ko suna ɗaya ba, ta ce ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya tafi Makka bai dawo ba. Bayan kwana biyu ya turo muryar kakarsa, Inna Rabi. Ta ce kakanta ne, Idi, ya bar matarsa Mariya da ciki a hannun yayansa Ɗanladi.

Ashe mai daftarin duk wanda ya ji yana Hausa Bakano yake rubuta shi.

Nakan zauna ina tunanin abin da Baba Sale zai ce da yana nan. Na san zai fara da faɗa: yawu a kwalba ba ya tabbatar da nasaba, sai da shaidu. Da ya ji sunayen nan biyu daga bakin tsohuwa kuwa, faɗan zai ƙare. Abin da nake jin zai fi ci masa rai shi ne tantunan alhazan Nijar ba su da nisa da na Kanawa. Shekaru yana wuce su da tire a hannu.

Akwai kuma wani abin mai nauyi. A gidan Baba Sale, Idrisu bawan Allah ne da ya bar duniya don maƙwabtakar Ɗakin Allah. A Tasawa, mutum ne da aka ɗauka ya mutu a hanya. Mariya ta jira shi shekara bakwai kafin ta yi takaba, 'yar da ta haifa ta girma marainiya alhali ubanta na raye yana haihuwar wasu. Ban san yadda Baba Sale zai haɗa waɗannan mutum biyu a zuciyarsa ba. Na dai san ba zai ɓoye ɗaya don ya kare ɗaya ba.

Bara Hafsa ta kawo Inna Rabi umara. Aka kira ni gidan na karanta mata wasiƙar. Ta sa na maimaita wurin alkawarin dawowa. Sannan ta ce, "To, ya tuna da ita. Da ta san haka, da ta mutu da sauƙi." Ba ta ƙara cewa komai a kan Idrisu ba. Sauran kwanakinta labarin Baba Sale ta yi ta tambaya: yaya tsayinsa, yana da saurin fushi kamar mazan gidansu, shekara nawa ya yi yana nemansu. Da aka gaya mata, ta ce su da suke gida ko sau ɗaya ba su nema ba.

Shagon Mansur yanzu na sayar da wayoyi ne. Baba Sale bai bar gida na kansa ba, bai ga Tasawa ba, ko sunanta ban taɓa ji a bakinsa ba. Amma na'ura ba ta nemo wanda ba a cigiyarsa. Hafsa ta yi gwajin ne don ta tashi a gidan da ake tambaya kullum. Zumunci a ƙafa yake. Shi ya yi tafiyar, ita ta isa ƙofar.

Watan jiya aka yi suna a gidan su Musbahu, aka sa wa yaron Salihu. Inna Rabi ce ta zaɓa. Ta ce a gidansu ba a kiran sunan manya, don haka Baba suke ce masa.

Allah Ya yi masa rahama, Ya sada shi da nasa a inda ba a tambayar gari.