Gonar Alhaji A Kan Hanyar Giwaye

Gusau zuwa Bungudu

Ranar Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba, na bar Gusau a motar ofis. Lokacin ina malamin daji, shekarar da aka fara kashe naira. Giwaye sun tattake dawar wani Alhaji mai faɗa a ji, a dajin kudu da Tsafe. Shugabana ya ce in je in gani, in sa hannu a takarda a harbe babbarsu. Sa hannun kawai ake so, zuwan nawa cika umarni ne.

Mil goma sha uku muka yi zuwa Bungudu, muka ɗauki Baba Ango, tsohon maharbin da aka ba aikin. Ya ba mu fura, ya shiga mota ko murmushi babu.

Tsafe

Muka koma ta Gusau. A shinge ɗan sanda ya ga bindiga ya zare ido, sai da na nuna takarda. Ƙarfe goma muka isa Tsafe, muka ci waina ta kwabo goma. Daga inda mota ta gaza, mil huɗu muka taka.

Gonar

Ɓarna kam an yi ta, ba zan ɓoye ba. Baba ya tsuguna, ya zagaya sawun ƙafar gaba ta babbar giwar da igiya, ya ninka biyu, ya ce tsayinta ke nan zuwa kafaɗa. Sannan ya nuna mini wani ƙaramin sawu a cikin babban.

"Malam, uwar garke ta, kuma da jinjiri. Wagga hanya tasu ta zuwa ruwa tun kakannina. Bara anka sare ta anka yi gona. In munka kashe ta, sauran ba su san inda za su bi ba, gonakin talakawa za su hwaɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, ba na sa hannu."

"Za ka rasa aikinka hwa."

"In rasa."

Muka kwana a zauren maigari.

Komawa

Laraba ƙarfe biyu na ajiye takardar gaban shugabana yadda ya ba ni ita. Ya ce, "Ka san ko wane ne Alhaji?" Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Gonar za a matsar. In harbin ake so, wani ya sa hannu, amma sai ya taka mil huɗun nan tukuna."

Babu wanda ya taka, ba a kuwa harbi giwar ba. Bayan mako biyu aka cilla ni wani ƙauye da ko kasuwa babu, matata tana ɗaure kwanuka tana hararata. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Baba Ango. Ko gobe aka miƙo mini takardar nan, haka zan mayar da ita.