Hannun Sarkin Sauro

"Ka matsa daga ƙofar nan, Malam."

"Ba zan matsa ba."

"To wallahi har da kai zan fesa."

Gwangwanin maganin sauro ne a hannunta, ta riga ta cire murfin. Shi kuma ya tokare ƙofar ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidansu, hannu ɗaya a kowane gefe. A falo jikarsu na kwance, jiki kamar garwashi, uwarta na goga mata jiƙaƙƙen tsumma.

"Matan mutane mazansu na kiwon kaji, suna kiwon awaki. Ni Allah ya haɗa ni da mai kiwon sauro! Can wurin aikinku na yi shiru. Yanzu ka kwaso mini su har gida, ga yarinya kwance. Ruwa ba ya tsami banza."

"Waɗannan ba su da cuta, Maman yara. Ba su taɓa cizon kowa ba sai ni."

"Au, har shaidar hali kake ba su?"

Wannan da ya tsaya a ƙofa, shi ake wa wannan jinjina. A jami'a sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Sarkin Sauro kowa ke ce masa, daga masu gadi har Farfesa. Shi ne mai kula da ɗakin kiwon sauro a sashen binciken zazzaɓi, kuma a makon nan ya ajiye aiki.

Aikin ba mai ban sha'awa ba ne. Da sassafe yake shiga, kafin masu shara. Ɗakin da ɗumi da gumi, ko tagar kirki babu. Zai duba farantan ruwa inda 'ya'yan sauro ke wutsil-wutsil, ya barbaɗa musu garin abincin kifi da yatsu biyu. Zai tsince waɗanda suka kusa yin fiffike, ya mai da su kejin raga. Ya sauya audugar ruwan sukari. Ya jiƙa tawul ya shimfiɗa a kan kejin, don iska mai bushewa kashe su take. Ya durƙusa ya ƙara ruwa a gwangwanayen da ƙafafun tebur ke ciki, saboda tururuwa. Asabar haka, Lahadi haka. Sauro bai san hutu ba.

Zuri'a ɗaya ce yake riƙe da ita, tun kafin a haifi yawancin ɗaliban sashen. Darajarta guda: ba ta taɓa shaƙar maganin ƙwari ba. Da ita ake awo. Duk sabon gidan sauro mai magani, a kanta ake fara gwada shi, sannan a gwada a kan sauron gari, a ga yadda na garin suka saba da maganin har ba ya kashe su. Irin wannan ba a kamo shi a kwata. In ta mutu, ta mutu.

Saboda ita ya bar turare. Sabulu ma marar ƙamshi yake saye. Abokansa kan tsokane shi a wurin biki, wai ga Sarki ba ƙamshin sarauta. Ya yi murmushi, ya ce talakawansa ne ba sa so.

Sai ga daminar da ta wuce. Iska ta yaye rufin sashen, ruwa ya shiga wayoyin lantarki, aka rufe ginin don gyara. Babu wuta, na'urar da ke ɗumama jinin da macen sauro ke sha kafin ta yi ƙwai ta zama ƙarfe kawai. A lokacin akwai wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, gwajinta na ƙarshe ya rage. Shekarunta na ƙuruciya duk ta zuba su a binciken nan, kuma wa'adinta ya kusa cika. An gan ta zaune a matakalar ginin, ta haɗa kai da gwiwa.

Bai lallashe ta ba, ba ya cikin masu iya lallashi. Wurin Farfesa ya tafi ya nemi izini. Aka ƙara wa kejin raga ta biyu, aka gwada jininsa aka ga lafiya lau. Ya ɗora kejin da sauron a bayan motar kaya, ya zauna tare da su ya riƙe har gida. Tun daga ranar, duk lokacin da matan sauron suka ji yunwa, sai ya nannaɗe hannun riga, ya ɗora damtsensa a kan raga, ya kau da kai yana kallon bango har su ƙoshi. Hannun ya yi ruɗu-ruɗu. Ya koma sa riga mai dogon hannu.

Ya kuma hana fesa magani da kunna na hayaƙi a gidan gaba ɗaya. Wannan ne ke cin ransa a tsaye a ƙofar nan. Ya san nasa ba su da laifi. Amma na gari fa, da ya buɗe musu hanya da bakinsa? Gaba kura, baya sayaki: can ɗiyar mutane da wahalarta, nan jininsa a kwance.

Ya sauke hannuwansa.

"A kai ta asibiti a gwada jininta. In zazzaɓin sauro ne, ba sai kin wahala ba. Ni zan fesa, da hannuna."

Ta dube shi. Ta san ba ya magana biyu. Ta mai da murfin, amma ba ta ajiye gwangwanin ba. A jaka ta sa shi, ta tafi da shi.

A kan bencin asibiti ɗalibar ta same su, ta zo a guje, takalmi duk taɓo. Ta durƙusa gaban matar.

"Mama, ki yafe mini." Ta juya gare shi. "Baba, in saboda ni ne, a fesa. Digiri ba rai ba ne."

"Tashi ki zauna, 'yata. Ba a fito da sakamako ba tukuna."

Suka zauna su uku, jakar na tsakani. Babu mai kallon wani.

Da likita ya leƙo, ya ce babu ƙwayar cutar a jinin yarinyar, maƙogwaro ne ya kumbura, ga magani, jibi za ta dame su da surutu. Sarkin Sauro ya jingina da bango, ya sauke numfashin da ya riƙe tun safe.

"Alhamdu lillahi," in ji matar. Sannan ta harare shi. "Kada ka ɗauka ka ci nasara. Yau ɗin nan za ka sa raga a kowace taga, kowane gado da gidan sauro."

"Marar magani dai."

"Ka ji shi ko? Marar magani!"

Kafin rana ta faɗi ya gama buga ragar. Gwangwanin kuwa maƙwabciya ta ba. Bayan kwana biyu aka gan ta a ɗakin ajiya tana matse tawul, tana mita: "Tawul zan jiƙa, amma hannuna ko a mafarki."

Da aka buɗe ginin, zuri'ar ta koma ɗakinta a raye, har ta ƙaru. Ɗalibar ta yi gwajinta, ta kare bincikenta a gaban malamai. Yanzu Dakta ake ce mata. Jikar kuwa tana nan tana dame su, kamar yadda aka faɗa.

Kai ne ginshiƙi, kana ɗauke da ɗaki, ana gaishe da rufi. Kai ne ka ba da jininka ba a gadon asibiti ba, inda ake sa albarka, sai a ɗakin ajiya, ga abin da kowa ke tafa wa hannu don ya kashe. Takardun binciken da suka fito daga ɗakinka suna da yawa, sunanka ba ya kan ko ɗaya, ba ka kuma taɓa tambaya ba. Akwai yaran da ke barci lafiya cikin gidan sauron da aka auna da kiwonka, ba su san kana duniya ba. Mun gode, Baba. Mun gode wa Mama da ta mai da murfin nan. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cinsa.

Matasa kuma da ke ganin jami'a ta masu manyan riguna ce kawai, su leƙa ɗakunan baya. Bincike yana buƙatar mai tunani, yana kuma buƙatar wanda zai zo ranar Lahadi. Wanda ya samu irin wannan aiki ya riƙe shi kamar yadda Baba ya riƙe.

Ranar sallamarsa aka taru a farfajiyar sashen. Farfesa ya yi jawabi gajere. Dakta ta miƙa masa ɗan ƙunshi. Ya buɗe: kwalbar turare. Aka kwashe da dariya, matarsa ta fi kowa.

"Fesa mana mu ji, Sarki!" in ji wani mai gadi.

Ya juya kwalbar a hannunsa, ya dubi ƙofar ɗakin kiwo. "Ba a nan ba. Sai na fita daga harabar."

Ya sa ta a aljihu. Ya bi sababbin ma'aikatan da kallo, samari da 'yan mata, kowa na tashin ƙamshi, hannuwa sumul-sumul.

"To, in na'urar nan ta sake tsayawa," ya ce, "hannun wa za a ɗora?"