Akwatin Nafi'u a Hanyar Kharj

Ulaisha, huɗu da rabi na asuba

Na fito gida maiɗakina tana yi mini dariya, wai manaja guda zai tafi aikin yaron mota. Ni kuwa raina a jagule yake. Ni ke shugabantar injiniyoyi masu ƙera na'urori a wani babban kamfanin fasaha a nan Riyad. Cikin ayyukanmu akwai wani ɗan akwati da ake maƙala wa motocin sanyi ta waje, yana sanar da ofis in kayan gwarin da ke ciki sun fara ɗumi. Nafi'u, ɗan Funtuwa, shi ya tsara shi. A ɗakin gwaji mun gasa shi, mun watsa masa rairayi, ko gezau. Amma a hanya sai mutuwa akwatunan suke yi. Manya suka ce in kawo dalili ranar Lahadi, in babu ba za a sabunta kwantiragin Nafi'u ba, ga iƙamarsa, wato takardar izinin zama, wata mai zuwa za ta ƙare. Shi ne na ce zan bi mota in gani da idona.

Aziziyya, biyar da kwata

Tasi ta sauke ni a kasuwar kayan gwari a kan riyal ashirin da biyar. Direban da aka haɗa ni da shi Malam Sale ne, wani dattijo ɗan Haɗeja. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mudir ɗin, manajan da aka ce? Da wannan takalmin za ka shiga gona? Yalla, hau."

Muka karya da gurasar tamis da wake da shayi mai madara, ya hana ni biya.

Kharj, kilomita tamanin

A shingen hanya jami'i ya karɓi iƙamata, ya ga an rubuta injiniya, ya dubi kwandunan da ke bayanmu, ya yi murmushi ya ce mu wuce. Kwamfuta na kan cinyata ina bibiyar akwatin, lafiyarsa ƙalau. Bakwai saura muka isa gonar, aka yi ta lodin tumatir da kokwamba har sha ɗaya. Takalmina kuwa, Malam Sale ya yi gaskiya.

Gidan mai, sha biyu da rabi

Da muka idar da azahar rana ta take. Malam Sale ya jiƙa buhun algarara ya naɗe jarkar ruwansa, yadda ake yi a gida don ruwa ya yi sanyi. Sai na ga ya jiƙa wani sharkaf, ya lulluɓe akwatinmu da shi.

"Malam Sale, me kake yi haka?"

"Taɓa ka ji, Injiniya, kamar garwashi. Abin mutane amana ne. Duk direbobin garejinmu na Gubaira ni na koya musu."

Na leƙa. Ruwan famfo mai gishiri-gishiri yana tsatsafawa ta hujin iskar da muka yi da hannunmu. Ba mu yi minti ashirin a hanya ba lambobin kwamfuta suka fara rawa, sannan ɗif. Na yi dariya har da hawaye. Wata uku muna neman mugunta, ashe tausayi ke kashe su.

Da na yi masa bayani sai ya shiga roƙona. "Don Allah kar ka sa sunana, kafil ɗina, maigidan da nake ƙarƙashinsa, ba ya wasa."

"Sunanka ba zai shiga ba, Malam. Buhun kawai za ka ba ni."

Ya tsiyaya mini ruwan jarka. Wallahi ya fi na firjin ofis daɗi.

Gida, biyar na yamma

Maiɗakina ta ce ina tsaraba, na miƙa mata jiƙaƙƙen buhu. Ranar Lahadi na shimfiɗa shi a kan teburin taro, na ce tsarin Nafi'u ya ci kowane gwaji da aka ba shi, wanda ya sa hannu a jerin gwajin ne bai tuna da ruwa ba, kuma ni ne. Na sha faɗa daidai gwargwado, aka sabunta kwantiragin.

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Malam Sale, Allah Ya saka da alheri. Sabon akwatin ya kusa fitowa, Nafi'u kuma ya ce a gaya maka ka lulluɓe shi yadda ka ga dama.