Kwalaben da Malam Isiyaku Ya Bari

Kai mai karatu, yaushe rabon da mai magani ya tambaye ka abin da ka ci kafin ya miƙo maka ƙwaya? Mu a Dangora muna da mai wannan tambaya, har safiyar Talatar da yayata Hassana ta kira ni ina ban ruwan albasa, ta ce, "Malam Isiyaku ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maganin homiyofati yake bayarwa, ƙananan ƙwayoyin nan farare. Na karanta abin da na samu a kansu, na je na faɗa masa a gaban idonsa cewa ni sukari kawai na gani. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna, ɗan rigima. Ni ma daga tukunya nake farawa." Haka yake kuwa. Kafin ya taɓa kwalba sai ya duba ido da harshe da farce, ya auna dantsen yaro, ya tambayi abin da aka dafa jiya da shekaranjiya.

Ranar da Hassana ta kai masa 'yarta Ummi, murna muke yi wai yarinya ta yi ƙiba. Ya danna ƙafarta da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce, "Hassana, wannan kumburi ne, ba ni da maganinsa. Asibiti, yau ɗin nan." Da aka sallamo su ya kira mijin Hassana, mai kamun kifi a dam ɗin Tiga: "Malam Sale, manyan kifayen ka kai su kasuwa, ƙananan na Ummi ne. Kuma a sa mata gyaɗa a kunu." Yau Ummi tana aji biyu.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba maiɗakinsa Inna Rabi da 'ya'yansu haƙurin rashi.

Sai dai ko sadakar bakwai ba a yi ba na ga kwalabensa a shimfiɗe a kasuwa, da rubutun hannunsa a jiki, wani yana ta shela, "Ga maganin ramar yara!" Mata suna saye, ba mai duba yaron. Wata za ta zauna a gida tana ba da ƙwaya, ɗanta yana kumbura. Wa ya buɗe ɗakin maganinsa? Wa ya kwashe kwalaben? Iyayena dangin Malam, ku gafarce ni, amma ba a soro nake son amsa ba. Ku tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ku faɗa wa jama'a.