Ranar Da Inna Ta Daka Irin Shuka

Bana shekara arba'in ke nan da muka kai Inna makwancinta a ƙauyenmu, arewa da Filinge, kan hanyar Abala. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a yi girki a raba sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa jikata ce ta tono ni. Ta zo da littafinta na lakwal, wato makarantar boko, wai in taimaka mata da darasin Ingilishi, tunda kakanta ya tsufa yana koyar da shi. Ina buɗewa sai ga darasin abinci: sunan na safe da na rana da na dare, yadda ake shiga gidan cin abinci a nemi takardar jerin girki, da yadda ake yaba wa mai dafuwa. Na rufe littafin na ce ta dawo gobe, idona na ciwo. Ƙarya na yi wa yarinyar, idona lafiyarsa lau.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Tun shekarar da ƙasa ta sami ƴancin kai aka rubuta ni makaranta, ita kuma ta laƙaba mini “ɗan lakwal”, har ta koma ga Allah da shi take kirana. Babanmu manomi ne, kuma yana da irin hatsinsa da ya gada wurin nasa uban. Duk kaka, kafin a fara girbi, shi kaɗai yake shiga gona ya bi kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure da jan tsumma, ya rataye can ƙuryar rumbu. Hatsi ne mai saurin nuna, hurarsa kuma ba ta neman sukari. Dokar gidanmu guda ce, kowane yaro ya san ta kafin ya san Fatiha: ko me yunwa za ta yi, ba a taɓa iri. Baba ya rasu gab da babban farin nan da ya cinye dabbobin ƙasarmu ta Kurfai. Inna ta shuka irin shekara biyu a jere yana ƙonewa, har abin da ya rage bai wuce rabin tiya ba. Shi take tattali, ko ruwa zai dawo ta shuka kusurwar gona ta raya shi.

Ni a lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar kwana a Yamai, ana ba mu shinkafa da burodi, har muna tsaki idan miya ta yi ruwa. Mushenmu, wato malaminmu na Ingilishi, wani anasara ne da muke kira Dogo. Mutumin kirki ne, kuma tun yanzu ina wanke shi, ba shi da laifin komai a wannan labari. Da muka kai darasin abinci, ni ne zakaran aji. Abin ya burge ni ƙwarai: mutanen nan suna da kalma daban ga gashi a kan wuta, daban ga gashi a cikin tanda, daban ga ɗan zaƙin da ake rufe ciki da shi bayan an ƙoshi. Bayan an ƙoshi fa! Na haddace su duka kamar karatun allo. Da Dogo ya ce kowa ya ba da labarin abincin garinsu, sai na tashi na zuba: tuwon hatsi, miyar kuka tana ninƙaya da man shanu, hura da kindirmo, naman zabo. Ya ce shi kam yana son ya ɗanɗana wannan tuwo kafin ya bar ƙasar. Ni da bakina na ce bismilla, hutu mai zuwa mu tafi tare.

An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni ba zan fake da shi ba. Na ga mutanen arewa da suka yi zango a bakin Yamai da ƴan tsummokaransu. A hanyar Filinge kuma, ta tagar mota, mun ga gawarwakin shanu a gefen hanya har muka daina nuna wa juna. Da muka sauka a tasha, Dogo ya ja ni gefe ya ce ko mu shiga kasuwa ya sayi shinkafa da mai mu kai gida. Na ce a'a, a wurinmu cin fuska ne baƙo ya zo da abincinsa. Ku ji fa! Yaushe tsaraba ta zama cin fuska a ƙasar Hausa? Girman kai ne kawai. Ban so ya gane cewa gidan da na cika baki a kansa ya kai ga haka ba.

Mun isa da hantsi. Inna ta fito, zanenta ya zagaye ta kusan sau biyu. A tsakar gida ƙorai ne jere an jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Ƙanwata Zainabu na zaune da jaririya a cinya, mijinta ya tafi Najeriya cin rani bai dawo ba. Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta yi wa baƙo maraba da fuska a sake. Dogo, don ya sa raha, ya yi wani karin maganarsu da ya koya mana a aji, wai yunwar da yake ji ta isa ya cinye doki sukutum. Na yi dariya har da buga cinya, na fassara wa Inna don ta ga ɗanta ya iya.

Ta yi murmushi ta ce, “Ka ce mishi doki dai mun sai da tun bara. Amma baƙo ba ya tashi da yunwa gidan ga.”

Ba a daɗe ba na ji ƙarar turmi. Na san anza ba ta yin wannan ƙara. Na zagaya bayan ɗaki. Zainabu na sussuka, Inna na shiƙa, ga jan tsumman Baba yashe a ƙasa kusa da turmin. Zainabu ta ɗago ta dube ni ta ce, “Yaya, ka gane shi?” Na gane shi sarai. Ko rabi ba a kai ga sussukawa ba. Da na ce a tsaya, da na koma zaure na gaya wa Dogo gaskiya, wallahi da kansa zai zo ya riƙe taɓaryar. Ina tsaye ina lissafin yadda zan faɗi haka da Ingilishi ba tare da na ji kunya ba, sai Inna ta ce, “Kai, ɗan lakwal, mi ya kawo ka wurin mata? Koma ga baƙonka.” Na juya na koma, kuma na ji daɗin da ta kore ni.

Da azahar aka kawo akushi cike da tuwo, da miyar kuka ba mai ba nama. Kowa a ƙasarmu ya san ba don mutum biyu kaɗai ake cika akushin baƙo ba. Baƙo yana ci ya bar saura, sauran nan kuwa shi ne rabon mata da yara, shi ya sa mai gida ke zuba duk abin da ke tukunya ba ta jin tsoro. Dogo ya ci ya ƙoshi tun akushin bai yi rabi ba. Sai ya tambaye ni, ya ce a ƙasarsu idan ba ka share kwano ba kamar ka raina mai girki ne, to a nan yaya ake yi? Ga ƙofa Allah Ya buɗe mini a karo na uku. Amma faɗin gaskiya yana nufin in ce uwata da ƙanwata suna bayan danga suna jiran abin da za mu rage. Na ce masa mu ma haka ne. Bawan Allah ya gyara zama ya dinga tura tuwo yana gumi, don ya girmama Inna, ni kuma ina taya shi, muna ta bitar kalmomin yabon abinci. Har yatsa na sa na suɗe gefen akushin.

Zainabu ce ta zo ɗauka. Ta leƙa ciki, ta dube ni, ta ce a hankali yadda baƙo ba zai ji ba, “Ko loma guda, Yaya.” Ranar nan dusar hatsin suka dama da ruwa suka sha.

Da muka koma Yamai, Dogo ya tsayar da ni gaban aji ya ce in ba da labarin liyafar da aka yi masa. Na bayar, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ya ba ni makin da ya fi na kowa. Bayan wata biyu kuma ruwa ya sauka, irin ruwan da aka yi shekaru ana roƙo. Zainabu ce ta ba ni labari daga baya, yadda Inna ta ɗauki ƴar ƙwarya tana bin gidaje ana tsakura mata iri, ita da a da rabin ƙauyen ke zuwa wurinta nema. Waɗanda ta taɓa bai wa namu kuwa duk sun cinye ko ya ƙone musu. Abin da ta tara gauraye ne, wani ya nuna, wani bai nuna ba. Sun ci, ba su mutu ba, alhamdu lillahi. Amma irin Baba ya tafi ke nan.

Inna ta ƙara shekara goma a duniya, fari na biyu ne ya same ta da rauni ya tafi da ita. A cikin shekarun nan na kama aiki, na kai mata buhunan hatsi da shinkafa ba adadi, tana karɓa tana sa albarka. Sau ɗaya tak na yi ƙarfin halin ɗauko maganar. Tana tsince wake, na durƙusa na ce, Inna, ranar nan da na kawo anasara. Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, “Baƙon ga naka, ya ƙoshi dai ko?” Na ce ya ƙoshi. Ta ce, “To, mi ya rage?” Ta ci gaba da tsintar wakenta. Da zagina ta yi, da na sami sauƙi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ita ta haɗiye nata, ni kuma ta bar ni da nawa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jikokina a Yamai da waya suke kiran abinci, a kawo shi a kan babur cikin roba. Kafin su ci sai sun ɗauki hotonsa, in sun ci rabi kuma sauran ya tafi bola. Na san ba za ta yi faɗa kan hoton ba, dariya za ta yi ta ce ƴan lakwal sun ƙaro hauka. Bolar ce za ta tsaya mata a rai. Za ta tambaya, wa aka bar wa wannan? Idan aka ce ba kowa, ba na jin za ta gane. Iri ma yanzu a leda ake sayo shi kasuwa, ba wanda ya san gonar da ya fito, ba wanda zai yi kukansa idan ya ƙare.

To me ya rage na Inna bayan shekara arba'in? Ba ta bar hoto ba, ɗakinta ya daɗe da rushewa, gonar ma an raba. Abin da ya rage shi ne a gidana ba a mayar da baƙo, kuma ni ba na share kwano ko na wane ne, har yara na yi mini tsiya wai tsufa ya rage mini ciki. Da-na-sani ƙeya ce, na sani, amma tawa kullum a gabana take zaune, sau uku a wuni.

Jikata ta dawo washegari kamar yadda na ce. Ban yi mata darasin ba, wannan labarin na ba ta, daga jan tsumma har akushi. Da na gama ta ce, “Kaka, to yaya ɗanɗanonsa yake?” Na san kalmomin ɗanɗano na Ingilishi fiye da yatsun hannuna, na koya wa ɗalibai su shekara da shekaru. Na ce mata idan mun je Filinge ta tambayi kakarta Zainabu, ita har yau tana iya kwatanta shi, ko da yake ba ta sami ko loma ba a ranar. Ni da na ƙarshensa ya tafi cikina, wallahi ban tuna ba. Lokacin da nake haɗiye shi, bakina yana kan Ingilishi.