Hausar da Kuve Ta Binne

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Kuve ba, a daminar da ta biyo bayan ƙuri'ar raba-gardama. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a asibiti a Mubi, aikina wanke gyambo da yi wa likita Bature tafinta. Ƙa'ida ita ce mara lafiya ya faɗi ciwonsa, in juya wa likita, sannan a san abin yi.

Kuve tsohuwa ce daga tsaunukan Michika, mai sayar da gyaɗa. Na san ta a kasuwa. Hausarta gurguwa ce, amma wajen ciniki ko kai Bakano ne sai ta kai ka ƙasa. A kasuwar ta yanke jiki ta faɗi, 'yan dako suka ɗauko ta, babu mai jin yarenta a cikinmu.

Tana ganin likita, 'yar Hausar ta ƙafe. Na tambaya har na gaji, ba ta ce komai ba sai "Ciwo, ciwo." Likita ya ce ba zai tsaga mutum a kan zato ba, ga jikinta sai ƙara zafi yake.

Bayan azahar, rana tsaka, na ji muryar yarinya a ɗakin. Na waiga, ba kowa sai tsohuwar, idonta a kan bango.

"Uwar ɗakina, na ɗebo ruwan. Don Allah kada a dake ni, tulun ne ya yi mini nauyi."

Hausa ce tatacciya, irin ta cikin birni, ba gargada. Wallahi na so in gudu. Sai na daure, na sassauta murya na ce, "Yarinya, ina ke miki ciwo?"

"Ƙasan cibiya ta dama, ranki ya daɗe. Tun shekaranjiya nake amai, na ji tsoron faɗa."

Na sheƙa na gaya wa likita. Kafin magariba an yi mata aiki, ta kuma tashi.

Da ɗanta Tizhe ya iso na ba shi labari. Da tasa gurguwar Hausar mai mayar da mace namiji ya ce, "Masu doki sun kama Mama yana ƙarami, sun sayar. Ya dawo da ƙafa. Mama bai taɓa faɗa ina ba."

Ranar sallama na gwada ta da waccan Hausar. Ta zuba mini ido har na sunkuyar da kai.

"Wannan yarinya ya mutu," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Kar ka kira shi."

Ku da kuke aikin yanzu, ku riƙe wannan. Bakin mara lafiya a kasuwa daban, a gaban likita daban, a cikin zazzaɓi daban, don haka ku yi haƙuri da shi. Ni dai tun ranar ban sake yi wa Hausar kowa dariya ba, domin ban san wadda ya binne ba.